Tukunyar 2250 ko tagwayen 1800: wanne za ka ɗauka?

Ɗan'uwa, ka ce wani dattijo da ya daina nutso, a can Amurka inda kake, ya fito maka da kaya biyu. Ɗaya tukunyar iska ce ta ƙarfe mai tambarin ICC-3AA2250, wadda masu nutso ke kira "72". Ɗayan kuma ƙananan tukwane ne tagwaye, an haɗa su da juna, da 1800 a kafaɗarsu. Ka ce ya fi tsawwala wa tagwayen kuɗi don sun fi tsufa, kana tambayar wanne ya fi. In shiga ruwa za ka yi, ni 72 zan ce ka ɗauka. In kuwa sha'awar tara kayan da ce ta kai ka, tagwayen suna da abin faɗa. Amma kada ka ba da ko sisi kafin ka karanta kafaɗa ka leƙa ciki.

Lambar da aka buga a kafaɗa ita ce iyakar matsin da aka yarda a ɗura wa tukunyar. A ma'aunin matsi na psi ake buga ta: 2250 psi ya kai kusan 155 a ma'aunin bar, 1800 kuwa kusan bar 124. ICC sunan hukumar da ke kula da wannan harka ne kafin ma'aikatar sufuri ta Amurka, da aka kafa a 1967, ta karɓi aikin, shi ya sa tukwanen da aka ƙera daga baya suke ɗauke da DOT, gajeren sunan ma'aikatar. Ke nan taka ta tsufa ita ma, ba tagwayen kaɗai ba. 3AA kuma nau'in ƙarfen ne, wanda aka gauraya da kuromiyam da molibdenam, ya fi 3A ƙarfi.

Ga inda ake yawan cutar mai saye, wani lokacin ma mai sayarwar bai sani ba. Sunan "72" ba ya cika sai an ɗura mata 2475, wato 2250 da ƙarin kashi goma cikin ɗari. A nan ne take ɗaukar iska kubik fit 71.2. Wannan ƙarin kuwa ba ya halatta sai akwai alamar + a gefen kwanan watan gwajin ruwa na ƙarshe, wato gwajin da ake cika tukunya da ruwa a matsa ta don a ga ƙarfinta. Na ƙarshe na ce, ba na ranar da aka ƙera ta ba. Kusan dukkansu sun fito daga masana'anta da +, amma a kowane gwaji sai an sake cancantar ta, kuma masu gwaji da yawa ba sa bugawa, don lissafin yana buƙatar wata lamba da ake kira REE wadda tsofaffin tukwane da yawa ba su ɗauke da ita. Idan babu +, abin da ke hannunka kubik fit 65 ne ko ƙasa kaɗan. Ka yi ciniki a kan 65.

Duk da haka ina son wannan tukunya, ba zan ɓoye maka ba. Siririya ce, faɗinta bai kai inci 7 ba, kuma idan iska ta ƙare a cikinta ba ta ɗaga ka sama. Ta alminiyam mai 3000 da ta cika shaguna yau, idan ta kusa ƙarewa sai ta riƙa ɗaga ka sama da ƙarfin kusan kilo biyu, dole ka ƙara darma a ƙugu tun kafin ka shiga. Da 72 ka rage wannan nauyi. Kamfanoni irin su Pressed Steel Tank na Milwaukee da Norris da Walter Kidde sun ƙera su da yawan gaske, ana sayar da su da sunan US Divers, Voit, Healthways da sauransu, don haka ba kaya ba ne mai wuyar samu. Kada a sayar maka da ita a farashin abin da babu irinsa.

Tagwayen labarinsu daban. Yawancin irinsu ana kiran kowace ɗaya "38", wato kubik fit 38, biyun a haɗe iskarsu ba ta yi nisa da ta 72 guda ba. Da yawa daga cikinsu ma ba don nutso aka ƙera su ba. Rarar kayan yaƙin duniya na biyu ne, tukwanen iskar oksijin da na kashe gobara, da masu nutson farko suka sauya wa aiki. Wannan tarihin shi ke sa musu kuɗi, kuma a bayan mai nutso suna kwanciya luf, musamman tare da na'urar shaƙa mai tiyo biyu ta zamanin. Abin da ke hana ni sakin jiki da su shi ne wurin ɗuri. Gwajin ruwa, da ake yi duk shekara biyar, ana kai tukunya kashi biyar cikin uku na matsin aikinta ne: 3750 ga mai 2250, 3000 ga mai 1800. Yaron shago da hannunsa ya saba da 3000 idan ya ɗura wa tagwayenka bai duba kafaɗa ba, ya kai su matsin gwaji ke nan, da iska, ba da ruwa ba, kana tsaye a gefe. Faifan kariyar da ke cikin bawul shi ya kamata ya fashe ya saki iskar, amma sai in wanda ya dace da 1800 aka sa. Tsofaffin bawul sau da yawa sun yi yawo daga tukunya zuwa tukunya.

Sai wuya. Idan 72 ɗin tana da wuyan inci uku bisa huɗu mai zoben roba, ka huta, bawul ɗinta yana ko'ina. Tagwayen kusan tabbas tsohon wuya ne mai tsukewa, wanda ake naɗa wa tef kafin a ɗaura, wasu har da ƙarin bushi a tsakani. Bawul ɗinsa sai an nema, leƙa ciki da fitila ma da wuya ta wannan ƙaramin baki, kuma akwai shagunan da ba za su taɓa su ba. Ka kiyayi kuma bawul ɗin Turai mai M25: shi da wuyan Amurka suna kama har ɗaya ya shiga ɗaya, kuma wannan kuskure ya kashe mutane.

Abin da zai raba gardama shi ne tsatsa. Wadda aka tsoma a narkakkiyar tutiya, mai launin toka marar ƙyalli, ita ce abin nema ko da ta yi muni a ido. Wadda aka lulluɓe da roba mai launi tana da kyau a hoto, amma ruwan gishiri yana shiga ƙarƙashin robar ya ci ƙarfen ba ka gani. Haka shafen da aka yi wa cikin wasu. Tambayi dattijon ko ya ajiye su da ɗan matsi a ciki. Tukunyar da aka bari wayam, bawul a buɗe, shekara da shekaru, ta sha danshi.

Ka ce masa ku kai 72 ɗin gwajin ruwa da duban ciki, in ta wuce ka biya har da kuɗin gwajin. Tagwayen kuwa, in ya ƙi a cire bawul a haska ciki, ka taya su a matsayin kayan ado na bango, kuma kada iska ta sake shiga cikinsu.