Fanka Mai Caji, Kula Ko Iyakwandishan: Wanne Ya Dace Da Ɗakin Majinyaci?

Duk wanda yake jinyar tsoho ko mara lafiyar da ba ya iya tashi, ya kamata ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa cewa jikin tsoho ba ya yin gumi kamar na matashi, kuma ƙishirwa ba ta cika damunsa ba, balle idan yana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Zafi yakan ci ƙarfinsa ne shiru, sai an ga ya fara rikicewa ko yana sambatu, wanda alama ce ta a garzaya da shi asibiti.

Iyakwandishan ya fi komai sanyaya ɗaki, amma da zarar wuta ta ɗauke ya zama kayan ado. Kula kuwa, wadda ake zuba wa ruwa, ba ta da wani amfani idan iska tana da laima.

Ni dai fanka mai caji nake zaɓa, domin ana iya ɗaukarta daga gefen gado zuwa banɗaki, kuma mai jinyar da ya yini yana ɗaga majinyaci yana juya shi, shi ma yana samun rabonsa. Sai dai tana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan zafi ya wuce digiri 40, fanka ƙara wa jiki zafi take yi. Shi ya sa nake haɗa ta da jiƙaƙƙen tawul ko kwalbar fesa ruwa a fata, don ruwan ya maye gurbin gumin da jikin ya kasa fitarwa. Wanda yake da iyakwandishan ma, hukumar ta ba shi shawarar ya saita shi a digiri 27 ya kunna fanka tare.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne batir, kuma a nan ni ma aka taɓa cutata. Na sayi wata fanka da aka rubuta wa alkawarin kwana tana aiki, ta mutu da ƙarfe biyun dare, na ƙarasa daren ina yi wa majinyaciyata fifita da kwali. Yawancin ƙananan fankoki suna amfani da batirin litiyam mai lamba 18650, kuma na gaskiyarsa bai cika wuce 3,500 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) ba, saboda haka duk wanda aka buga wa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Nauyin na ƙwarai yana kusan giram 45. Jabu kuwa sakayau yake a hannu. A nemi fankar da ake iya buɗewa a sauya mata batir, a cika ta da caji, sannan a bar ta tana juyawa da rana ana duba agogo tun kafin wa'adin mayar da kaya ya ƙare.