Rawanin ɗan Kura: kyau kam akwai, sai dai yana son lallaɓa

Wasu in sun ji "ɗan kura" sai hankalinsu ya tafi ga dabbar dawa. Ba ita ba ce. Kura gari ne kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, kuma sunan garin rawanin ya ɗauka, don can ne cibiyar rininsa da bugunsa. Yadin kansa turkuɗi ake ce masa. Tsohuwar haja ce, domin Bajamushen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana fataucinta har Tambutu. Har gobe Buzaye ne manyan masu saye, musamman na wajen Agadas.

Aikin da ke cikinsa shi ya sa kuɗinsa ke da nauyi. Ana saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, kowace faɗinta bai wuce ɗan yatsa ba, a harhaɗa da ɗinki, a yi ta tsomawa a karofi har baba ya kama shi ya koma kusan baƙi. Daga nan sai wajen masu bugu, su barbaɗa shuni da ɗan kitse, su yi ta dukansa a kan gungume har ya riƙa walƙiya kamar wuyan tattabara. Wannan ƙyallin babu yadin kanti da ke kamo shi.

To amma yana zuba, kuma ba aibi ba ne, shunin ne da ke kwance a samansa. Goshi, gemu da wuyan farar riga duk sai sun samu rabonsu. A sa hula a ƙarƙashi, a kuma naɗa kafin a taɓa fararen kaya, sannan a wanke hannu. Ba a wanke shi. Ruwan sama ko zufa mai yawa na kashe ƙyallin, sai an mayar wa masu bugu. Wajen naɗi kada a fizga, ta bakin ɗinki yake ɓarkewa. In an kwance, a bi tsohon ninkinsa a naɗe cikin takarda.

Mai saye a Kasuwar Kurmi ya ɗaga shi ga rana ya ƙirga layukan ɗinki. Yawansu da sirantarsu ke yanke farashi. In ya ga falle guda babu ɗinki, yadin kanti ne aka rina.

Don hawan sallah ko bikin naɗin sarauta ya ci kuɗinsa. Na zuwa masallaci kullum kuwa, gara harsa, wato farin rawani.