Matse man habbatus sauda a gabanka a Balad ta Jidda

A cikin shagunan kayan ƙamshi da ke tsakanin Bab Makka da Suƙ Alawi a Balad, tsohon garin Jidda, akwai masu ɗan injin matsa a bakin ƙofa. Ka zaɓi ƙwayarka, a matse kana tsaye. Wannan ya fi sayen kwalbar da aka riga aka rufe, domin algus ɗin man nan duk a bayan ido ake yin sa, a tsinka shi da mai mara tsada.

Amma injin ba ya gyara mugun iri, don haka a buhu aikin yake. Galibi za a nuna maka ta Habasha, da ta Ƙasim (wani yanki na Saudiyya), da ta Siriya ko Indiya. Ɗebi kaɗan ka murje a tafin hannu. Ta ƙwarai baƙa ce mara sheƙi, mai kusurwa uku, cikinta fari, ƙamshinta na bugun hanci nan take. Wadda ta kwana biyu sai ka ji kamar ƙura ka murza. Ta Habasha ta fi yaji da ɗaci, manta duhu, yana kartar maƙogwaro. Ta Ƙasim ta fi sauƙin haɗiya, ita ce zan ba wanda bai saba ba.

Kilo huɗu zuwa biyar ke ba da lita ɗaya. In aka cika maka kwalba da ƙasa da haka sosai, tambayi dalili. Taɓa man da ke ɗigowa: ɗumi-ɗumi ya kamata ya yi. Lokacin cunkoson alhazai wasu kan bar injin yana aiki ba hutu har bakinsa ya yi zafi, sai man ya ɗauki ƙauri. Gara zuwa da safe.

Inda masu shagunan suke gazawa shi ne kwalba. Farar roba ake yawan zuba maka, ga zafin Jidda. Zo da kwalbar gilashi mai duhu. Sabon mai gurɓace yake fitowa, bar shi kwana biyu ko uku laka ta kwanta, sannan ka tsiyaye. Kuma a babban akwati za ka sa shi, ba a barin abin da ya haura mil 100 a jakar hannu.

Hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim, cewa habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa, shi ya sa kowa ke nemanta, amma hadisin bai ce a kwankwaɗa ba. Rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya a rana, da zuma, bayan abinci. Tana iya sauke sukari da hawan jini, saboda haka mai shan maganinsu ko na tsinka jini ya tuntuɓi likita tukuna, mai juna biyu kuma ta bar man. Kafin shafawa a gwada a gwiwar hannu, wasu fatarsu na yin ja.

Girki kuwa ƙwayar yake so, ba man ba. Gasa ta minti ɗaya a busasshen kasko, ka barbaɗa kan burodin tamis ko cikin mish, nono mai tsami irin na Sudan.