Suna mai .com ko mai araha na shekarar farko?

Malam, ka ce kana son buɗa wa sana'arka ta jakunkuna da takalman fata shafi a intanet, sai ka tarar da farashi biyu: suna, wato adireshin shafin, mai ƙarewa da .com wajen dala 12 a shekara, wani kuma mai .shop ko .xyz bai kai dala 2 ba. Ka tambaya wanne ya fi. Dalar Amurka ake nufi fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Ka fara riƙe wannan: ba sayen suna ake yi ba, haya ce, kamar rumfa a Kasuwar Dole. Kowace shekara sai ka sabunta. Kuma kasuwar hawa biyu ce, akwai mai sari, akwai ƴan kiri.

Ƴan kirin su ne irin su GoDaddy, Namecheap da OVH. A nan gasa take. Kafin 1999 kamfani ɗaya ne, Network Solutions, ke sayar da .com, a 1995 dala 100 yake karɓa na shekara biyu. Da ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, wadda aka kafa a 1998, ta buɗa ƙofa, ƴan kiri suka yi yawa, farashi ya faɗo. Amma mai sarin .com har yau ɗaya ne tak, Verisign, kuma kowa wurinsa yake ɗauka. Daga 2012 farashinsa ya tsaya a dala 7.85, sai a 2021 ya fara hawa, har ya kai 10.26 a Satumban 2024. Wannan yana ci mini rai, don ba wani ɗan kasuwa da za ka koma wurinsa. Sai dai ko ba komi akwai linzami: yarjejeniyarsa da ICANN da gwamnatin Amurka ta hana shi ƙarin farashi da ya wuce kashi 7 cikin ɗari a shekara, shi ma a shekara huɗu cikin shida.

Su kuwa .shop da .xyz ƴaƴan zagayen 2012 ne, lokacin da ICANN ta buɗa neman sababbin ƙarshen suna irin waɗannan, kowane mai nema ya biya dala 185,000. An ce za su kawo gasa, kuma sun kawo zaɓi, sunan da aka riga ka a .com kana iya samunsa a can. To amma ba su da linzami. Abin da aka wajabta wa mai sari shi ne ya ba ƴan kiri sanarwar kwana 180 kafin ya ƙara kuɗin sabuntawa. Dala 2 ɗin nan tayi ne na shekarar farko, ainihin farashin yana shekara ta biyu.

Na gani da idona a Zango. Wani ƙanena mai ɗinki ya ɗauki irin wannan, ya buga sunan a allon shago, a leda, har a bayan babur. Da shekara ta zagayo aka nemi ninki fiye da goma. Ga shi ba shi da katin banki, wani ne a Yamai ya biya masa tun farko, kuma da sunan kansa ya yi rajistar. Mun yi kusan wata muna bin mutumin a waya. Ranar da sunan ya mutu, ƙanen nawa da kansa ya hau benci ya shafe shi daga allon da fenti.

Akwai kuma namu na gida, .ne, wanda aka danƙa wa ma'aikatar sadarwa ta SONITEL, wadda ta narke cikin Niger Telecom a 2016. Yana nuna kai ɗan Nijar ne, kuma ina son in ga ƴan Damagaram da yawa a kansa. Amma tun da ka ce masu sayenka na Kano da Faransa ne, .com suka saba bugawa.

In ni ne, .com zan ɗauka. Ka jera ƴan kiri uku, ka duba layin kuɗin sabuntawa, kada ka tsaya a babban rubutun talla. Ko wa zai biya maka, a sa sunanka da imel ɗinka a matsayin mai shi. In ɗan kirin ya tsawwala, bayan kwana 60 kana da damar ɗauke sunanka zuwa wani. In da hali ka biya shekara uku ko biyar gaba ɗaya a farashin yau, ana yarda har goma.