Sharhi a kan darussan fiziks da falaki na bidiyo da na saya wa yarinyar wajena

Abin da zan yi magana a kansa shi ne katin memori mai ɗauke da darussan fiziks da ilimin falaki, irin wanda masu tura fina-finai a waya suka fara sayarwa a kasuwanninmu, wanda aka ɗauko bidiyon ƙasashen waje aka ɗora masa bayani da Hausa. Na saye shi a kasuwar Gujungu saboda yarinyar wajena da ke aji biyu na babbar sakandare, domin makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, kuma malamin da ke koyar da su lissafi shi ne aka ɗora wa fiziks ɗin. A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim sai mutum ya hau tudu yake samun sabis mai ƙarfi, ga tsadar data, saboda haka kallo kai tsaye a intanet ba namu ba ne. Kuɗin memori kuwa kowa ya san inda ya kai yanzu, ba sai na faɗa ba.

Ban ɗora wa abin wani dogon buri ba, har sai da yarinyar ta zo mini da waya bayan sallar isha'i ta ce, "Baba, wai akwai ranar da rana take tsayawa daidai a saman Ka'aba." Na karɓa na kalli darasin daga farko har ƙarshe, kuma a gaskiya tun da nake koyarwa a firamare ban taɓa jin an yi wa wannan magana bayani mai shiga kai kamar haka ba. An nuna cewa duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi a kan hanyar da take zagaya rana, kuma saboda wannan karkata, wurin da rana ke tsayawa a tsakar ka yana tafiya arewa har wajen 21 ga Yuni, sannan ya juyo kudu har wajen 21 ga Disamba. Makka tana kan digiri 21 da ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan ratsa ta samanta sau biyu a shekara, a tafiyarta arewa da kuma a dawowarta: wajen 27 ko 28 ga Mayu, da wajen 15 ko 16 ga Yuli. A watan Mayu abin yana faruwa da misalin ƙarfe 12:18 agogon Makka, wato 10:18 na safe a agogonmu, a watan Yuli kuwa wajen 10:27 namu. A wannan lokaci duk wanda rana take sama a garinsu, in ya fuskance ta, to ya fuskanci Ka'aba, kuma inuwar duk wani abu da ke tsaye cak tana kwanciya ne a kan layin alƙibla.

Da ranar 28 ga Mayu ta matso na je na sami Malam Liman na gaya masa, ina fargabar kada ya ɗauki abin a matsayin shisshigi a cikin sha'anin masallaci. Na ce, "Allah gafarta Malam, yara ne suka ga wani darasi, muna so mu gwada a harabar masallaci in an yarda." Ya ce malaman falaki na Musulunci sun daɗe da sanin wannan hanya, kuma shi da kansa zai tsaya ya gani. Muka daidaita ƙasa, muka kafa sanda miƙaƙƙiya, muka rataya dutse da igiya a gefenta kamar yadda magina ke yi domin mu tabbata ba ta karkace ba. Darasin ya ja kunne sosai cewa kada kowa ya kalli ƙwayar rana da ido, inuwa kawai za a duba, kuma na ji daɗin wannan gargaɗi domin yara sun taru da yawa. Da safe akwai gajimare irin na gabanin damina, hankalina ya tashi, amma kafin ƙarfe goma gari ya washe. Da lokaci ya yi, inuwar ta ɗan wuce rabin tsawon sandar, yarinyar ta ja layi a kanta da tsinke, muka miƙa igiya daga layin zuwa bangon masallaci. Sai ga shi ta nufi mihirabi, bambancin bai kai abin da ido zai kama ba. Dattawan da suka aza harsashin wannan masallaci ba su da waya, ba su da taswira, amma sun dace, kuma na ga farin ciki a fuskar Malam Liman wanda ban saba gani ba.

Abin da ya fi kama ni ma shi ne abin da ya biyo baya. Layin da muka ja bai nufi gabas sak ba, ya karkata arewa da kimanin digiri 22. A ƙarshen Mayu rana tana fitowa ne kusan ta wannan wuri, saboda haka manomin da ya yi sallah a gona a wannan lokaci yana fuskantar mafitar rana bai yi nisa da alƙibla ba. Amma a watan Disamba rana tana fitowa ne ta gabas maso kudu, kuma wanda ya bi mafitarta a lokacin hunturu ya kauce da fiye da digiri 40. Hukuncin sallarsa magana ce ta malamai, ba ta bidiyo ba, amma sanin cewa mafitar rana tana yawo a cikin shekara ilimi ne da ya kamata a ce kowane ɗan aji shida ya fita da shi. Tun daga ranar nake sa ɗalibaina su lura da itaciyar da rana ke ɓullowa ta bayanta a kowane wata. A ranar nan da an tambaye ni, da na ce kowane gida mai ɗan sakandare ya sayi wannan kati ko da bashi ne.

Akwai wasu darussan da suka yi kyau ƙwarai. An nuna hoton gaske na shekarar 1971 inda David Scott, ɗan sama jannatin Amurka, ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata suka faɗi tare, domin babu iskar da za ta riƙe gashin, kuma wannan ya gamsar da yarinyar fiye da duk abin da ta haddace game da Galileo, masanin nan na ƙasar Italiya da ya yi bayanin faɗuwar abubuwa. An bayyana cewa Zara da muke gani da magariba da Gamzaki da ke fitowa da asuba abu guda ne, duniya ce mai zagaya rana kamar tamu. Darasin kusufi ya tuna mini da 29 ga Maris na 2006, lokacin da gari ya yi duhu da hantsi a Katsina da Gusau, mu ma nan hasken ya dusashe har kaji suka rikice.

To amma da na zauna na bi sauran darussan ɗaya bayan ɗaya, sai murnata ta ragu, kuma dole in faɗi dalili. Ashe ba mutum ɗaya ne ya ɗora bayanin Hausar ba. Wanda ya yi darasin alƙibla ya san abin da yake faɗa, amma wanda ya yi darasin sauyin yanayi bai fahimci hoton da ke gabansa ba. Hoton yana nuna karkatar duniya ƙarara, shi kuwa yana cewa zafi yana zuwa ne idan duniya ta matso kusa da rana, sanyi kuma idan ta yi nisa. Wannan kuskure ne babba. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, lokacin da muke tsakiyar hunturu muna jin ɗumi a bakin wuta, kuma ta fi nisa a farkon Yuli, kimanin kilomita miliyan 152. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yarinyar ta riga ta rubuta wannan magana a littafinta, ta kuma koya wa ƙawayenta, domin yaro yana ɗaukar duk abin da ya fito daga waya da murya mai daɗi a matsayin gaskiya. Cire abin daga kanta ya fi sa shi wuya, har sai da na mayar da ita ga darasin alƙibla na ce ta haɗa maganganun biyu ta ga ko za su zauna tare.

Ko da ma bai yi wannan kuskure ba, darasin bai yi maganarmu ba sam. Lokuta huɗu na Turai aka nuna, da ƙanƙara da zubar ganye, babu ko kalma ɗaya a kan dalilin da ya sa bazara ta fi kowane lokaci zafi a nan, ko abin da ke kawo damina. Alhali bayanin yana nan kusa: rana tana tsayawa a tsakar kanmu wajen 22 ga Afrilu, ƙasa ta gasu, iska mai ɗauke da danshi ta taso daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ta ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, ruwa ya sauka daga Yuni ya yi ƙarfi a Agusta, sannan iskar arewa maso gabas ta dawo da hazo. 'Ya'yan manoma ne ke kallon wannan abu, kuma rayuwar gidajensu gaba ɗaya a kan wannan juyin iska take.

Sai kuma maganar jarrabawa, wadda ita ce asalin abin da ya sa na fitar da kuɗina. WAEC da NECO ba za su tambayi yaro kyawun Zara ba, lissafi suke so, na gudu da nauyi da wutar lantarki, kuma darussan ba su tsaya sun warware misalai a hankali ba. Inda aka rubuta lissafin ma rubutun ƙanana ne, a fuskar waya sai an ƙura ido, ga kuɗin caji kullum a wurin mai sola. Babban abin takaicin shi ne darussan lantarki da maganaɗisu duk sun ƙi buɗewa, suna nan a jeri da sunayensu amma babu komai a ciki. Na koma wurin wanda ya sayar mini ya ce shi ma haka aka tura masa, in dawo wata kasuwar, na koma ya ce wanda ke kawo masa bai zo ba.

Saboda haka ba zan ce kada a saya ba, domin darasin alƙibla da na kusufi da na faɗuwar abubuwa sun cancanci a gani, amma kada uba ya miƙa wa yaro ya juya baya. A sami wanda ya san fannin ya fara kallo, a goge darasin sauyin yanayi, kuma a buɗe kowane bidiyo a gaban mai sayarwa kafin a biya. Mu dai yanzu yarinyar za ta shiga aji uku, kuma har yau ina neman wanda zai zauna da ita a kan lantarki kafin lokacin jarrabawa ya zo.