Zaftarewar Gari da Zaftarewar Falle: Wacce Ta Fi Haɗari Ga Masu Zamiya?

Malam, ka tambaya ko dusar ƙanƙara mai laushi, wadda ƙafa ke nutsewa a cikinta, ta fi haɗari fiye da wadda ta haɗe ta yi tauri, ganin cewa ɗanka da ke karatu a Ostiriya ya fara bin abokansa wasan zamiya a tsaunukan Alps. A mafi yawan lokuta akasin haka ne, kuma dalilin yana cikin yadda gogayya ke aiki a kan gangara.

Zaftarewar gari, wato rikitowar dusa mai laushi kamar garin hatsi daga kan tsauni, tana faruwa ne idan ƙwayoyin dusar ba su riƙe juna ba, kamar tulin gero da aka zuba a kan tabarma. Kowace ƙwaya gogayyarta da maƙwabciyarta ce kawai ke tsayar da ita, saboda haka idan gangara ta yi tsanani, ko rana ta jiƙa dusar da hantsi, sai ɗan kaɗan ya motsa daga wuri guda, ya riƙa jan wasu yana faɗaɗa har ƙasa. Galibi tana farawa ne daga ƙarƙashin ƙafar mai zamiya ta yi gaba ta bar shi, ko da yake tana iya tura mutum kan dutse ko cikin kwazazzabo, kuma jiƙaƙƙiyar tana da nauyi ƙwarai.

Zaftarewar falle ita ce abin tsoro, kuma ta fi kama da yaɓen bango da ya ɓamɓare gaba ɗaya. Iska ko sabon zubi kan tara dusa mai haɗewa a kan wani siririn shimfiɗi mai rauni da ke binne a ƙasa, wanda sau da yawa raɓa ce da ta daskare a daren sanyi kafin a rufe ta. Idan nauyin mutum ɗaya ya karya wannan shimfiɗi, tsagewar tana gudu a ƙarƙashin dusar zuwa nesa cikin ƙiftawar ido, wani lokaci da wata ƙara mai kama da faɗuwar buhu, sannan fallen duka ya rabu, har da ɓangaren da ke saman mutumin. Daga nan babu abin da ya rage yana riƙe da shi sai gogayya tsakanin fuskokin biyu, kuma wannan gogayya tana gazawa ne idan karkatar gangara ta kai kusan digiri 30. Shi ya sa yawancin irin wannan zaftarewa ke tasowa tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai gangarar da ƙwararrun masu zamiya suka fi so. Busasshen falle yana iya wuce gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙoƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne falle ba ya nuna kansa. Samansa sumul yake, yana ɗaukar nauyi, har mutum biyar su wuce lafiya na shida ya taka inda ya yi siriri. Kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda zaftarewa ke kashewa a fagen wasa, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita.

Don haka abin da za ka jaddada wa ɗanka ya fi shafar falle. Ƙasashen Turai sun amince da ma'aunin haɗari mai mataki 5 tun 1993, ana fitar da sanarwa kullum a lokacin sanyi, kamar yadda cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke garin Davos take yi wa Suwizalan. Mataki na 3 ne ya fi cin rayuka, domin mutane na ɗaukarsa tsaka-tsaki su fita. Idan ya tsaya a hanyoyin da hukumomin wurin suka gyara suka buɗe, haɗarin kaɗan ne. Idan kuwa zai fita daga cikinsu, dole ya sami horo, ya ɗauki na'urar neman wanda dusa ta binne, da sandar bincike, da shebur, kuma su riƙa ratsa gangara ɗaya bayan ɗaya. Alƙaluman Suwizalan da aka wallafa a 1994 sun nuna cewa sama da kashi 90 na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa, amma bayan minti 35 adadin kan faɗi zuwa kusan kashi 30, saboda dusar da ta tsaya takan ƙame kamar siminti ta toshe numfashi. Jirgin ceto ba kasafai yake isowa cikin wannan lokaci ba, don haka ka tambaye shi ko abokansa sun taɓa gwada tono da hannunsu kafin su hau dutse tare.