Idan ofaretar da ka ƙera a PostgreSQL ta ƙi nau'in bayananka, wace hanya za ka bi?

A ce a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ka ƙera ofareta, wato alamar aiki irin + ko =, da CREATE OPERATOR, hagu integer, dama integer (nau'in cikakkiyar lamba). Ka miƙa mata ginshiƙin bigint, nau'in da ke ɗaukar lambobi manya fiye da integer, sai PostgreSQL ya ce "operator does not exist". Shi yana ɗaga integer zuwa bigint da kansa, amma ba ya sauko da bigint a nan, domin lambar na iya fin ƙarfin wurin.

Hanya mafi arha ita ce ka liƙa ::integer, mai juya lambar zuwa integer, a cikin tambayar da kake aika wa rumbun bayanan. Ta isa idan wurin ɗaya ne ko biyu. Sai dai duk lambar da ta haura 2,147,483,647 za ta kayar da tambayar.

Wasu kuma sukan ruga zuwa CREATE CAST ... AS IMPLICIT, umarnin da ke sa PostgreSQL ya riƙa juya wani nau'i zuwa wani da kansa, musamman tsakanin integer da text. Wannan ce nake roƙonka ka guje wa. Juyin da ka buɗe ba ofaretarka kaɗai zai shafa ba, duk rumbun bayanan ne. Da gangan masu PostgreSQL suka cire irin wannan juyi zuwa text a sigar 8.3, a 2008. Waɗanda suka mayar da shi da hannu sun ga || na haɗa rubutu ya fara kukan "operator is not unique", an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai nau'o'in da ke karɓar kowa. Anyelement yana son ɓangarorin biyu su zama nau'i ɗaya sak, don haka ba zai haɗa maka integer da bigint ba. Anycompatible, da ya zo a sigar 13, shi ne ke nemo nau'in da zai ɗauke su duka. Yana da kyau in har aikin da ke ƙarƙashin ofaretar ya dace da kowane nau'i.

Zaɓina shi ne ka ƙera ta a kan nau'in da ya fi faɗi, bigint da bigint, ƙananan su hau da kansu. In kana buƙatar indeks, mai hanzarta binciken bayanai, ya yi aiki, ƙera ofareta ɗaya ga kowane haɗin nau'o'i ka zuba su cikin iyalin ofareta guda, kamar yadda integer_ops ya tara smallint, integer da bigint.

A kula da domain kuma, wato nau'in da aka gina a kan wani nau'i na asali. Ofaretar da aka ɗora a kansa ba a zaɓenta sai nau'o'in sun dace daidai, in ba haka ba PostgreSQL ya koma kan ta asalin nau'in ba tare da ya gaya maka ba.